Awon albarushi a al'adar harbin allo ta Amurka

A Amurka doka ta yarda mutum ya ɗura harsashi a gida don amfanin kansa, kuma 'yan gasar harbin allo da libarba sun daɗe da mayar da wannan aiki al'ada. Mai harbi yakan tattara kwanson da ya harba, ya sauya ɗan maƙunnin da ke gindinsa, ya auna albarushi, sannan ya dasa sabuwar dalma. Burinsa shi ne harsashi mai laushi, wanda ba ya fizgar hannu kuma yake faɗawa wuri guda a kan takarda. Mutane da yawa suna ganin irin wannan ɗuri aikin ɗan koyo ne, wai tunda albarushin kaɗan ne haɗarin ma kaɗan ne. Wannan fahimta kuskure ce. Ɗuri mai laushi yana neman natsuwa da tsantseni fiye da yawancin ɗurin ƙarfi, kuma darajar al'adar tana ga yadda ta koya wa masu ita miƙa wuya ga littafi da sikeli.

Tushen matsalar yana cikin tarihin kwanson. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da harsashin .38 Special tare da libarbarsa ta 1899, kuma an yi kwanson da tsawo domin ya ɗauki baƙin albarushi kimanin giren 21. Giren ɗaya kashi ɗaya ne cikin 7,000 na fam, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba. A lokacin kuwa albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884, ya fara karɓe kasuwa, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa yana yin aikin da ake cika kwanso da tsohon kafin a samu. Sai aka wayi gari da babban kwanso da ɗan ƙaramin awo kwance a ƙasansa kamar gishiri a gindin kofi. Duk wata ƙa'ida ta wannan sana'a daga wannan sarari da ya rage ta taso.

Tsarin gasar ne ya tsara harsashin. A gasar ƙasa ta Camp Perry da ke jihar Ohayo, wadda aka fara yi a can tun 1907, ana harbi da hannu ɗaya: a tsanake daga yadi 50, sannan daga yadi 25 a saki harsashi biyar cikin daƙiƙa 20, sai kuma biyar cikin daƙiƙa 10. Wanda bindiga ta fizge masa hannu ba zai dawo kan saiti cikin lokaci ba. Saboda haka aka zaɓi dalma mai shafaffen kai, nauyin giren 148, wadda take yanka rami tsaf a takarda har alƙali ya ƙirga maki ba gardama. Ana tura ta can cikin kwanso har kanta ya daidaita da baki, abin da ke rage sararin ciki ya sa ƙonewa ta daidaita. Aka haɗa ta da albarushi mai saurin ƙonewa irin Bullseye, wanda kamfanin Hercules ya daɗe yana yi kafin ya koma hannun Alliant, domin shi ne yake ƙonewa sarai ko da matsin bai yi yawa ba. Awon giren 2.7 na wannan albarushi a ƙarƙashin wannan dalma ya shahara shekaru da dama a bindigogi irin K-38. Shahararsa kuma ita ce tarkonsa, domin lambar ta wannan albarushi ce da wannan dalma da wannan zurfin dasawa kaɗai. Wanda ya ɗauke ta ya kai kan wani haɗi daban ya tabbatar da karin maganar da ke cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Haɗarin yana jira ta ƙasa da ta sama. Idan awon ya gaza, ko aka manta ba a zuba ba, maƙunni kaɗai zai iya ingiza dalma ta maƙale a cikin bututu. Libarba ta fi saurin faɗawa wannan, saboda akwai 'yar tazara tsakanin gangar da ke juyawa da bututun, inda iska take tserewa. Mai harbin da ke tsere da agogo zai iya sake jan kunama a kan toshewar. Ta sama kuma, kwanson yana da wurin ɗaukar awo biyu har uku ba tare da ya zube ba, kuma ido ba ya saurin bambance su. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai suka kafa a 1926, ta sa iyakar matsin .38 Special a fam 17,000 kan murabba'in inci, alhali .357 Magnum yana kaiwa 35,000. Ninka awon albarushi mai sauri yana ɗaga matsi fiye da ninki biyu, har ya iya fasa gangar. Dalma mai rami a gindi kuma, idan aka kore ta da ƙarfi, gindin nata yakan yage ya zauna a bututu. Wannan ne ya sa ƙwararru suke farawa daga ƙaramin awon da littattafan Lyman, Speer ko Hodgdon suka bayar, su hau kaɗan-kaɗan, su leƙa kowane kwanso a ƙarƙashin fitila kafin dasa dalma, su bar takarda ta nuna inda harbi ya fi taruwa.

Akwai masu cewa littattafan nan tsoron shari'a ne ya rubuta su, kuma suna kafa hujja da cewa tsofaffin bugu sun ba da awo mafi yawa ga wasu harsasai. Gaskiya ne an rage wasu lambobi, amma babban dalilin shi ne sauyin kayan gwaji. A da ana auna matsi ta hanyar duba yadda ɗan guntun tagulla ya lotse, yanzu kuwa na'urar lantarki tana bin tashin matsin daga farko zuwa ƙarshe, ta nuna ƙololuwar da tsohuwar hanya take ɓoyewa. Masu wancan ra'ayi suna ƙarawa da cewa kowace bindiga da halinta, mai ita ne ya san ta. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa littafi yake ba da farko da ƙarshe, ya bar wa mai harbi zaɓi a tsakani. Abin da mai bindiga ba shi da shi shi ne hanyar ganin matsi. Alamun da ake karantawa a jikin kwanson babbar bindiga ba sa bayyana a harsashi mai ƙarancin matsi irin wannan sai an riga an wuce iyaka nesa.

Wasu kuma suna ganin an warware matsalar tun da aka fito da albarushi mai kumburi irin Trail Boss a 2005, wanda yake cika kwanso har ninki ya fito fili, ko kuma su ce a sayi harsashin kamfani a huta. Albarushi mai kumburi ci gaba ne na gaske, amma ninki kaɗai yake tona wa asiri. Ba ya hana kwanso ya wuce babu komai a ciki, ba ya kuma gyara kuskuren wanda ya ɗauko gwangwani ba daidai ba. Harsashin kamfani yana da kyau, sai dai mai gasa yana harba dubbai a shekara, tsada da ƙarancin kaya sukan mayar da shi kan teburin ɗuri.

Saboda haka ma'aunin gwaninta a wannan al'ada shi ne kwanso na ɗari biyar ya samu kulawar da na farko ya samu. Wanda zai shiga cikinta ya kamata ya karɓi wannan sharaɗi tun daga ranar farko, domin 'yan uwansa masu harbi suna tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi a layi, kuma lafiyarsu tana rataye da abin da ya auna shi kaɗai a ɗakinsa.