Jirgin Tama na Muritaniya: Me Hoton Ya Nuna Maka, Me Ya Ɓoye?

Idan kana yawan leƙa Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da hoton nan ba: wani baƙo zaune a kan tulin baƙar ƙasa cikin tarago, ya naɗe kai da rawani, ya sa ƙaton tabarau, rana tana faɗuwa a bayansa, taragu sun miƙa har iya ganin ido. Jirgin tama na Muritaniya kenan. Na daɗe ina kallon hotunansa, kuma da yawansu suna da kyau. Amma kaɗan ne a cikinsu suke gaya maka gaskiya game da jirgin. Bari mu duba dalili.

Layin dogon yana da tsawon kilomita 704, daga ma'adinan Zuwerat da ke tsakiyar Sahara zuwa tashar jiragen ruwa ta Nuwadibu a bakin tekun Atilantika. An buɗe shi a 1963, kamfanin gwamnati mai suna SNIM ne kuma yake tafiyar da shi. Jirgi ɗaya yakan ja taragu wajen 200, kowanne ɗauke da tama har tan 84, tsawonsa ya kai kilomita biyu da rabi. Kaya iri ɗaya, taragu iri ɗaya, daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya. Matsalar mai hoto daga nan take farawa, domin abin da ya sa jirgin ya zama abin kallo shi ne tsawonsa, tsawon kuwa ba ya shiga kyamara.

Yi lissafin da kanka. Kyamarar waya tana ganin faɗin kusan digiri 70. Kafin jirgi mai kilomita 2.5 ya shigo gaba ɗaya daga gefe, sai ka ja baya kusan kilomita 1.8. A ce hoton naka yana da fiksel 4,000 a kwance. Kowace mita ɗaya ta samu fiksel ɗaya da rabi kenan, tarago mai tsayin mita huɗu bai wuce fiksel shida ba. Abin da za ka samu zare ne baƙi a kan rairayi. Saboda haka duk hoton jirgin nan da ya burge ka, akwai dabarar da aka yi, kuma kowace dabara tana da abin da take cinyewa.

Dabara ta farko ita ce a tsaya nesa a gaban jirgin, a jawo shi da dogon madubin kyamara. Sai ka ga taragu sun cunkushe kamar an matse su, kan jirgin ya cika hoton. Mutane suna cewa madubin ne yake matse su. A'a, nisan ne. Idan kana mita 10 daga taragon farko, wanda yake mita 100 a bayansa zai yi ƙanƙanta sau goma sha ɗaya. Idan kuwa kana mita 500 daga na farkon, na bayan bai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin shida ba. Irin wannan hoto yana ba ka nauyi da kwarjini, amma ya sace maka tsawo: jirgin kilomita biyu da rabi da na mita ɗari biyar duk kamarsu ɗaya. Ga kuma iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa tana lanƙwasa haske, sai bayan jirgin ya narke cikin kawalwalniya. Idan mai hoton ya bar wannan narkewar, ina yaba masa, domin zafin wurin ne ya shigo hoton da kansa.

Dabara ta biyu ita ce a jira jirgin a kwana, ko a ɗauke shi daga sama da jirgi mara matuƙi. Nan kam tsawon yana fitowa. Amma hamada ba ta da ma'auni: babu gida, babu bishiya, babu turken wuta. Idan ba a sa mutum, ko raƙumi, ko mota a gefe ba, ƙwaƙwalwarka ba ta da abin gwadawa, sai jirgin ya koma kamar abin wasan yara. Hotunan da suka fi gamsar da ni a wannan rukuni su ne waɗanda aka ɗauka kusa da dutsen Ben Amera, inda dutsen yake danne jirgin, ka ga duk girmansa akwai abin da ya fi shi.

Dabara ta uku ita ce wadda muka fara da ita, wato a hau kan tamar a ɗauka daga can. Ita ta fi yaɗuwa, ita ce kuma na fi jin haushi. A fannin tsari ba ta da laifi: layukan taragu suna haɗuwa a nesa, ido yana bin su. Laifinta yana wajen wanda aka sa a tsakiya. Mutanen yankin suna hawa taragun nan kyauta tun da daɗewa, saboda garuruwan da ke bakin layin, irin su Shum, jirgin ne babbar hanyarsu. Ɗan kasuwa yakan loda kifi da buhunan kaya a taragon da ya koma fanko daga Nuwadibu, makiyayi ya sauko da tumaki a kan tama. Tafiya ce ta sa'o'i 16 zuwa 20, rana ta gasa ka, dare ya daskarar da kai, ƙurar ƙarfe ta shige maka hanci. Abin da yake wahalar dole a wurin wani, shi aka mayar abin ado a bayan baƙon da zai yi sau ɗaya ya koma gida ya yi wanka. Idan ɗan ƙasar ya fito a irin wannan hoton ma, sai ka gan shi can gefe, kamar yana cikin kayan.

Ba yau aka fara sa mutane a hoton jirgin kaya ba, kuma akwai wanda ya yi shi da kyau. Tsakanin 1955 da 1960, O. Winston Link ya ɗauki jiragen kamfanin Norfolk and Western a Amurka, layin da jigilar kwal ce ƙashin bayansa. Da dare yake ɗauka, da tarin fitilun walƙiya. A shahararren hotonsa na 1956 a garin Iaeger, saurayi da budurwa ne a cikin mota suna kallon sinimar fili, jirgin kaya yana wucewa ta gefe. Shirya hoton aka yi, har hoton da ke kan allon siniman daga baya aka liƙa shi. Duk da haka ya nuna gaskiya guda: jirgin yana ratsa rayuwar mutanen garin, su ne masu wurin. Wannan ne hotunan Muritaniya suka fi rasawa.

To, me za ka duba idan hoton ya zo gabanka? Fara da cikin taragon. Da kaya ko fanko? Wannan kaɗai ya gaya maka inda jirgin ya dosa, domin mai kaya teku ya nufa, fanko kuwa ma'adinai zai koma. Labarin tattalin arzikin layin gaba ɗaya yana cikin wannan bambancin: tama tana fita ɗanya, a narka ta a wata ƙasa. Mai hoton da ya kama jirgi mai kaya da fanko suna giftawa a wurin kauce wa juna ya faɗi abin da shafi guda na rubutu zai faɗa.

Sannan dubi tulin. Za ka lura bai yi tozo sama da bakin taragon kamar na kwal ba. Kada ka ce an yi rowar lodi. Tama ta fi kwal nauyi kusan ninki uku a mazubi ɗaya, don haka tarago yana kaiwa iyakar nauyin da zai iya ɗauka tun bai cika ba. Hoton da ya bari ka ga wannan ya koya maka wani abu. Wanda aka ƙara wa kala har tamar ta koma ruwan zinare saboda faɗuwar rana ta yi kyau, ya ɓata shaida.

Sai ƙura. Idan ka ga jirgin tsaf, sama garau, ka tambayi kanka ina ƙurar ta tafi. Ita ce abin da masu hawa suka fi sani game da jirgin nan.

Na ƙarshe, ka tambaya: wa aka sa a tsakiya, kuma me yake yi a wurin? Idan amsar ita ce yana kallon kyamara, to hoton nasa ne, jirgin bango ne kawai. Idan kuwa wani ne yake ɗaure buhu, ko yake kare ɗan murhun shayinsa daga iska a kusurwar tarago, ko yake riƙe da igiyar tunkiya, tsaya ka kalla da kyau. Wannan mai hoton ya sauke ido daga faɗuwar rana ya dubi abokin tafiyarsa.