Marsiyyar Ɗan'uwa da Tambayar da Take Bar wa Dangi

Akwai masu nazari da ba sa ganin marsiyya da gashi. Wasu sun ce fadanci ne ga matacce, wai a wurin Bahaushe duk wanda ya kwanta dama ya zama mutumin kirki. Wasu kuma sun haɗa ta da kururuwar mutuwa da addini ya hana. Na biyun ba sa buƙatar doguwar amsa. Ihu da yaga tufafi daban, ambaton alherin mamaci daban, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda sahabbai suka yabi wata gawa da aka wuce da ita, Manzon Allah (SAW) ya karɓi shaidarsu, ya wadatar. Masu zargin fadanci ne ya kamata a tsaya musu.

Marsiyya ta daɗe tana ƙarfi a bakin wanda ya rasa ɗan'uwa. Khansa'u ta yi suna tun zamanin jahiliyya da kukan ɗan'uwanta Sakhr, wanda littattafan adabi suka ruwaito yana raba dukiyarsa biyu ya ba ta rabi idan ta shiga matsi. A ƙasar nan Nana Asma'u ta yi wa baffanta Abdullahi na Gwandu, ta yi wa ɗan'uwanta Buhari, ta yi wa yayanta Muhammadu Bello da Fulatanci da Larabci bayan rasuwarsa a Wurno a 1837. Daga baya kisan Sardauna a 1966 da na Murtala a 1976 suka jawo ambaliyar waƙoƙin ta'aziyya da Hausa. Hankalin masu nazari ya koma kan na shugabanni, aka bar ta cikin gida, wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ko ɗa ga kawunsa.

Dubi abin da Asma'u ta zaɓa. Bello sarki ne, mayaƙi ne, da yabon fada take so, ga kirari nan birjik. Sai ta karkata ga halinsa: iliminsa, haƙurinsa, buɗaɗɗen hannunsa, cika alkawarinsa, da yadda ita kanta take dogara da shi a al'amuranta. Bafade yana kallon rawani don yana jiran tukuici. Mai marsiyya ba ta jiran komai daga wanda ke kabari, shi ya sa maganarta take shaida.

Dabarar da ta fi burge ni a marsiyyar gida ita ce lissafi ta hanyar tambaya. Gwanar marsiyya ba ta tsayawa kan cewa marigayi mai kyauta ne, domin wannan kowa ma ana faɗa masa ranar sadakar uku. Tambaya take jerawa. Wa zai aiko da buhun gero idan azumi ya kama? Wa zai ɗinka wa marayun ƙaninsa kayan salla tare da na 'ya'yan cikinsa? Wa zai tashi da dare ya kai mai naƙuda asibiti? Wa zai zauna tsakanin ƙanwarsa da mijinta idan ta yi yaji? Kowace tambaya tana ɗauke da aiki guda da aka gani da ido, kuma a zaman makokin akwai wanda ya ci moriyarsa. Ƙarya ba ta shiga nan. Idan ba a taɓa aiko da geron ba, gwaggo tana zaune a kan tabarma, ta sani.

Sannan lura da yadda sunan marigayin ke sauyawa daga baiti zuwa baiti. Nan a kira shi Yaya, can Kawu, gaba Baffa, wani wurin Baban marayu. Duk sunan da aka kira, wani rukunin dangi ne ke sunkuyar da kai, domin da shi ake. Da haka mai sauraro ke gane faɗin inuwar da aka rasa ba tare da an gwada masa ba. Masu cewa wannan maimaici ne, kunnensu na kan amsa-amo kaɗai, ba su kula da wanda ake magana da shi ba.

A nan nake ganin ainihin aikin marsiyya. Tambayar "wa zai" ga rayayyu ake jefa ta. Malamai za su raba gida da gona bisa ƙa'idar gado, amma kuɗin makarantar ɗan ƙanwa, da ziyarar tsohuwa ranar Juma'a, da sulhun 'yan uba, babu mai rubuta su a takardar rabo. Marsiyya ce ke fito da su fili a gaban dangi, har wani ya ji nauyi ya ce ya ɗauka. Gidaje da yawa zumuncinsu ya watse bayan mutuwar mutum ɗaya, saboda ba a taɓa faɗa da baki irin kayan da yake ɗauke da su ba.

Don haka ina ganin kuskure ne a ajiye marsiyya a matsayin ƙaramin reshe na waƙar yabo. Wurinta yana kusa da wa'azi da wasiyya. Ya kamata ɗaliban Hausa a jami'o'inmu su shiga gidaje su naɗi waɗanda mata ke rerawa, kuma duk wanda Allah Ya ba yaya ko kawu irin wannan ya rubuta ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, ya karanta wa yaran gidan, domin a cikinsu ne za a sami mai ɗaukar kayan.