Aikawa Coventry: Ma'anar Wani Salon Maganar Ingilishi da Matsalar Fassara Shi

Daga cikin salon maganar Ingilishi da kan wahalar da mai fassara akwai "to send someone to Coventry", watau a aika da mutum Coventry. Shi dai Coventry gari ne a tsakiyar Ingila, kusa da Birmingham, amma wanda aka yi wa haka ba ya zuwa ko'ina. Yana nan cikin jama'arsa, sai dai sun haɗa baki ba mai ce masa uffan.

An fi danganta asalin maganar da yaƙin basasar Ingila wanda ya ɓarke a 1642. Garin ya goyi bayan Majalisa, can ne aka riƙa tsare waɗansu magoya bayan Sarki Charles na Ɗaya, aka ce mutanen garin sun ƙi kula su. A ƙamusunsa na 1785, Francis Grose ya bayyana ta a matsayin horon da hafsoshin soja kan yi wa ɗan'uwansu: ba a yi masa magana sai a kan aiki, wanda kuwa ya saɓa, shi ma a yi masa haka. Daga baya ta bazu cikin makarantun kwana da masana'antu. Fim ɗin "The Angry Silence" na 1960 labarin ma'aikaci ne da aka yi wa wannan horo don ya ƙi shiga yajin aiki.

Bisa ga haka, sharuɗɗa uku ne ke tattare da maganar: jama'a ce ke yi, tsararraki ne ke yi wa ɗayansu, makaminsu kuwa shiru. Saboda haka fassara ta da "kora" kuskure ne, domin shugaba ke kora, korarre kuma yakan bar wurin. "Gaba" ma ba ta wadatar ba, don kowane ɓangare na riƙe da nasa fushi. "Saniyar ware" ta fi kusa, amma ana iya mayar da mutum saniyar ware wajen rabon muƙami alhali ana gaisawa da shi kullum.

Abin da ya fi dacewa shi ne "sun ƙaurace masa, ba mai yi masa magana". Ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai wannan bambanci, domin wanda ya rubuta "kora" ya ɗora wa hukuma laifin da abokan zama suka aikata.