Kwafar Kiɗan Magabata da Hannu: Tana Koyar da Tsara Kiɗa Kuwa?

Mai karatu, a Turai ana rubuta kiɗa da alamomi a kan layuka biyar, kowace alama tana nuna sauti da tsawonsa. Malaman kiɗa sun daɗe suna bai wa ɗalibai wata shawara: in kana son ka iya tsara naka, ɗauki alƙalami ka kwafi na magabata.

Hujjarsu tarihi ne. Johann Sebastian Bach na Jamus ya zama maraya a 1695, ya koma hannun yayansa a garin Ohrdruf. An ce yayan ya hana shi wani littafin kiɗa, shi kuwa ya riƙa kwafarsa a ɓoye da hasken farin wata har wata shida. Richard Wagner ma ya kwafi simfoni na tara na Beethoven a 1830, yana ɗan shekara 17.

To, amma fa hujjar nan tana da rauni. A wancan zamanin akwai mutanen da sana'arsu ke nan, kwafar kiɗa a biya su. Sun fi Wagner yawan kwafa nesa ba kusa ba, amma akasarinsu ba su bar wani kiɗa nasu da ake tunawa ba. In ka ƙirga waɗanda suka shahara kaɗai, dole dabarar ta yi maka kama da magani.

Binciken ƙwaƙwalwa ya nuna inda gizo ke saƙar. A 2006, Roediger da Karpicke sun bai wa ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka sake karantawa, wasu aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, masu sake karatu sun tuna kashi 42 cikin ɗari, masu rubutawa da ka kuwa kashi 56. Ba a kan kiɗa aka yi gwajin ba, amma darasin ya shafe shi: hannu na iya kwafar shafi goma alhali hankali yana wani wuri.

Shi kansa Bach ai bai tsaya ga kwafa ba. Wajen 1713 zuwa 1714, a Weimar, ya ɗauki kiɗan da Vivaldi na Italiya ya tsara wa rukunin makaɗa, ya mayar da shi na mutum ɗaya mai kaɗa ogan. Wannan aiki ne na zaɓe: me za a bari, me za a sauya?

Don haka kada ka jefar da alƙalamin, salo za ka sauya. Kwafi layi biyu, rufe littafin, rubuta abin da kake ganin zai biyo baya, sannan ka buɗe ka gwada. Duk inda kuka saɓa da mai kiɗan, tsaya ka tambayi kanka dalilin da ya sa ya bi waccan hanyar.