Jaka ta fi akwati a bayan babur, in an iya ɗaure ta

Shekara ashirin baya, duk mai shirin keta ƙasashe a kan babur, da zarar ya sayi babur sai ya nemi akwatunan alminiyam biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Shirin talabijin na Long Way Round na 2004 ya ƙara wa wannan salo farin jini. A cikinsa Ewan McGregor da Charley Boorman suka tashi daga Landan zuwa New York ta Kazakistan da Mongoliya da Siberiya, a kan BMW R1150GS Adventure maƙare da kaya. Masu kallo suka riƙe kyan akwatunan, suka manta cewa nauyi da gargadar hanya sun tsaga ƙarfen bayan baburan har sai da aka nemi mai walda.

Yanzu yayi ya juya. Matafiya suna barin akwati suna komawa jaka mai laushi, irin wadda ake naɗe bakinta a ɗaure don kada ruwa ya shiga. Kamfanoni irin su Giant Loop da Mosko Moto a Amurka, Kriega a Birtaniya da Enduristan a Suwizalan sun yi suna a kanta. Su ma baburan sun rage jiki. Yamaha Ténéré 700, wanda ya fito a 2019 da sunan hamadar Tenere ta Nijar, bai wuce kilo 205 da mai a tanki ba, alhali BMW R1250GS Adventure ya haura kilo 260. Wanda ya zaɓi ƙaramin babur don sauƙinsa ba zai so ya ɗora masa akwatuna da kariyar ƙarfe masu kilo goma ko fiye tun bai saka ko riga ɗaya ba.

Ina tare da masu jaka, kuma babban dalilina ƙafa ce. A cikin rairayi ko laka dole mahayi ya riƙa sauke ƙafa yana dogarawa. Idan ƙafar ta kafe a ƙasa babur kuma yana tafiya, kusurwar akwati ce za ta same ta ta baya, kuma ta haka ake karya ƙwauri a inda babu asibiti. Jaka takan lanƙwashe ta ba ƙafa hanya. Ko faɗuwa aka yi, akwati yakan lotsa, murfinsa ya daina rufuwa daidai, ruwa da ƙura su samu ƙofa, ƙarfin bugun kuma ya wuce kai tsaye cikin ƙarfen babur. Jaka kuwa a karkaɗe ta a ci gaba, in ta yage allura da zare sun isa.

Akwati ma yana da ranarsa. Yana da makulli, mutum zai iya barin babur a bakin kasuwa ko ofishin kan iyaka hankalinsa kwance. Jaka wuƙa ɗaya ta ishe ta. Mai tafiyar kwalta zalla, ko mai goyo, ko mai ɗauke da kwamfuta da kyamara, ba laifi ya riƙe akwatinsa.

Inda na fi so a tsaya a duba shi ne ɗauri, domin nan ne wannan yayi ya fara cin kansa. Hanyoyin uku ne. Akwai jefa jaka biyu a kan sirdi kamar mangala a bayan jaki, kariyar ƙarfe tana tare su daga taya da salansa. Akwai wadda ba ta buƙatar kariya sam, mai siffar kofaton doki, ta rungumi bayan sirdi, madaurinta ya kama ƙarfen matakin mai goyo da jelar babur. Sai ta uku, wadda aka manna wa jakar faranti mai tauri a baya, ana maƙala ta a kariya a cire cikin ƙiftawar ido.

Ta ukun nan ce ake ta talla, kuma ita ce na fi shakka. An dawo da kariya, an ƙara faranti da makama, nauyi da faɗi da farashi duk sun kusa na akwati, amma ba a samu tsaronsa ba. An gudu ba a tsira ba. Amfanin jaka shi ne kaya su matso kusa da tsakiyar babur su sauka ƙasa, ba su yi reto a bayan taya ba. Wannan kuwa marar kariya ce ta fi cika shi.

Sai dai tana da sharuɗɗa. Dole a sa wa salansa garkuwar zafi, in ba haka ba zai narkar da jaka da abin da ke ciki. Dole a naɗe sauran madauri, domin wanda ya saki yana iya shiga sarƙa ko taya. A sake tamke ɗauri bayan an ɗan yi tafiya, tunda gargada tana sassauta shi. Kayan gyara da ruwa su zauna can ƙasa, tufafi a sama.

Kuma jaka marar kariya tana tilasta wa mutum rage kaya, tunda manyanta ma ba su cika wuce lita 80 ba. A ganina wannan ƙuncin shi ne alherinta. Babur zai faɗi a daji, ko ba jima ko ba daɗe, kuma ma'aunin kaya ɗaya ne: mahayi ya iya tayar da shi shi kaɗai, ba tare da ya kwance komai ba.