Kunnen Marubuci da Kasuwar Sara

Duk wanda ya saba bin littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad zai lura cewa taurarin yawancinsu baki ɗaya gare su. Attajiri da direbansa, kaka da jikarta, duk maganarsu iri ɗaya ce, rabi Hausa rabi Turanci, kamar mutum guda ne ke sauya riguna. Akan ɗora laifin a kan ƙarancin karatu. Mu dai a ganinmu, ciwon a kunne yake.

A duba Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin ba baƙo ba ne: Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta. An rubuta irinsa ba adadi. Abin da ya riƙe mai karatu shi ne ƙananan abubuwa, kuɗin cefanen da ba ya isa, da sayar da abincin da Rabi ta koma yi, da yadda kowace mace ke da nata salon jefa magana. Irin wannan ba ya samuwa sai ga wanda ya daɗe yana sauraron mutane.

To marubucin da ke Birnin Kudu ko Gwaram yana da makarantar koyon wannan a kusa da shi, kuma ba ta karɓar kuɗin makaranta: kasuwar Sara. Ya je ranar da take ci ba don sayen komai ba, ya tsaya a kara. Zai ji mai sa ya ce "albarka" har sau uku, kowace da ma'anarta. Ta farko kora ce, ta biyu na nufin a ƙara, ta uku kuwa saura ƙiris a sallama. Zai ga dillali yana lallashin mai saye da mai sayarwa a numfashi guda, hankalinsa na kan la'ada. Hausar Bafulatanin da ya kawo dabbar daban, ta ɗan kamashon tasha daban, ta tsohuwar da ke gardama a kan cikar kwano ita ma daban. Babban darasin shi ne ba kasafai mutane ke faɗin abin da suke nufi kai tsaye ba, alhali taurarin littattafanmu na waya komai na ransu a fili suke zazzage shi, har da bayanin dalili.

Jin kaɗai ba ya wadatarwa. Kafin a kwanta a rubuta jimla biyar ko shida yadda suka fito daga bakin masu su, ba tare da gyara ba. A rubuta ne fa, ba a naɗi muryar mutane a ɓoye ba, wannan cin amana ne.

Sai kuma barin rubutu ya kwana, wanda shi ne ya fi wuya yanzu. Masu karatun da suka biya kuɗin shiga zaure suna jiran ci gaba kowane dare, marubuciya na bugawa da babban yatsa tana turawa nan take. Mun san matsin. Duk da haka, wadda ta tara shafuka uku a ajiye kafin ta fara saki ta sami damar karanta kowanne da babbar murya washegari. In da hali a karanta wa wata dattijuwa a gida. Duk inda ta ce, "Wa ke magana haka?" nan ne wurin gyara.

Za a ce masu karatu Abuja da Dubai suke so, ba kara da tasha ba. Ba mu musa ba, a kai su Dubai ɗin. Amma Hajiyar da ta je saro zinare can ma tayawa take yi, mai kanti ya ƙi, ta juya kamar za ta tafi, ya kira ta ta dawo.