"Telilit": Kewa da Jita Ɗaya

A fadodin samari na Tahoua, in ka ambaci Fatou Seidi Ghali, da wuya mutum biyu su ɗago kai daga kan shayi. Alhali ƴar jiharmu ce, daga Illighadad, wani ƙauye can wajen Abalak. Turawa na sayen tikiti don su saurare ta, mu kuwa wayoyinmu cike suke da waƙoƙin fim na Kano. Ban ce laifi ne ba, ni ma ina da su.

Waƙarta da nake so mu tsaya a kai ita ce "Telilit", cikin faifan Les Filles de Illighadad da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2016. A fili aka ɗauki faifan, ba a sutudiyo ba. Jita ce marar lantarki, sai murya. Fatou takan kama gajeren kiɗa ɗaya ta yi ta juya shi, ba ta hanzari, ba ta ɗaga murya, kamar mai yi wa kanta waƙa da dare bayan kowa ya kwanta. Wanda kunnensa ya saba da waƙar fim zai ce ai abu ɗaya take ta maimaitawa. Haka ne, kuma da gangan ne. Kewa ma haka take yi wa mutum: ta tafi, ta komo ta hanyar da ta bi jiya. Abzinawa na kiran wannan hali assouf, sunan da suka ba kiɗan jitarsu ma ke nan. Ko ba ka jin Tamajak, nauyin zai same ka a ƙirji.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ta samo bugun. Jitar Abzinawa tun shekarun 1980 kayan maza ce, ta samarin da suka yi zaman ci-rani a Libiya da Aljeriya, irin su Tinariwen. Mata nasu tende ne, turmi da aka ɗaure wa fata, ana tafi ana amshi. Fatou ta koya wa kanta kiɗa da jitar wanta, amma yatsunta tende suke bugawa a kan tsirkiya. Masu tallar faifai sun fi son su ce ga mace da jita, abin mamaki. Wallahi wannan yabon rage mata daraja yake yi, don ya bar kiɗan ya koma kallon mai kiɗan.

Inda nake da ƙorafi shi ne sigar da ƙungiyarta ta yi a New York, wadda ta fito a 2021. An sa lantarki, an ƙara hannuwa, kiɗan ya yi kauri, ana iya rawa da shi. Yana da daɗi, amma kaɗaicin ya ragu. Ku nemi ta 2016 ku fara da ita, ku sa abin kunne, kada ku kunna ta a tsakiyar hira.